Daƙiƙa Tamanin da Huɗu

Jinin mai lafiya yana daskarewa a hannuna cikin daƙiƙa goma sha uku. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki a ɗakin gwajin asibitinmu na Paraku, ban kuma ga aikin da ya fi shi sauƙin koya ba. Ka ɗebi jini a 'yar kwalba mai shuɗin murfi, ka cika ta daidai layi, ka sa a inji ya kaɗa har ruwan jinin ya taso sama kamar man gyaɗa. Ka ɗiga ruwan a wata kwalbar da ke zaune cikin ruwan ɗumi, ka zuba sinadari, ka danna agogo. Sai ka riƙa karkata kwalbar kana dawo da ita, har abin ya kama kamar kokon da ya huce. Ka tsayar da agogo. Akwai injin da ke yin duk wannan shi kaɗai. An kawo mana shi da kiɗa da jawabai, ya yi wata biyar yana aiki, yanzu a kansa nake ajiye littafin da nake karantawa.

Jinin Bake ba a so ya daskare da wuri. Bake ƙanwar matata ce, marigayiya Yon. Ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya cinye mata ƙyauren zuciya, wata ƙungiya ta kai ta ƙasar waje aka sa mata na ƙarfe, yau shekara tara. Jini kuwa ba ya ƙaunar ƙarfe, da ya samu dama sai ya yi gudaji a kansa ya toshe shi. Don haka kullum da magariba take shan maganin tsinka jini, ƙwaya ɗaya a raba huɗu ta sha kashi uku, kuma haka za ta yi har ranar mutuwarta. In maganin ya gaza, ƙyauren ya toshe. In ya yi yawa, ta yi ta zubar da jini ta inda ake gani da inda ba a gani. Tsakanin biyun akwai 'yar siririyar hanya, daƙiƙa talatin zuwa talatin da takwas a agogona, kuma duk Litinin ɗin farkon wata take zuwa in duba ko tana kan hanyar.

Litinin da ta wuce ta shigo ƙarfe takwas da rabi, da katinta a hannu.

"Mijin Yaya, har yau ba su kore ka ba?"

"Suna jira in gama da ke tukuna. Zauna."

"Maye da takardar gwamnati. Shekara tara kana shan jinina, ko kumatu ba ka yi ba."

"Jinin mai sayar da cuku ne, rabinsa ruwa."

Ta yi dariya, amma gajeriya, ta yanke ta a tsakiya kamar wadda ta taka ƙaya. Kujerar ɗiban jini tana fuskantar taga. Ta ja ta ta juya wa tagar baya. Ɗankwalinta, wanda ta saba turewa can ƙeya don a ga kitso, ranar ya sauko har kan girar dama. Duk na ga wannan. Ina faɗa ne don kada wani ya nema mini uzuri.

Na ɗaure damtsen, na soka allura, kwalba ta cika daidai layi. Na danna mata auduga na ce ta riƙe. Kafin in gama rubuta sunanta audugar ta yi jajir. Na canza wata, ita ma haka. Sai a ta uku ya tsaya, bayan na danne da babban yatsana minti biyar cur, muna kallon bango mu biyu. A shirun nan ana jin ƙyauren nata, ƙis, ƙis, ƙis, kamar agogon da aka naɗe cikin zane.

"Kin ƙara magani?"

"Kashi uku, kamar kullum."

"Kin sha wani abu daban? Na kasuwa, na gargajiya?"

"Ruwa na sha. Shi ma an hana?"

Na bar ta a benci na shiga ciki. Na kaɗa jinin, na ɗiga, na danna agogo. Talatin ta wuce. Arba'in. Na karkata kwalbar, abin ya gangara kamar ruwan famfo. Hamsin, sittin. A nan mutum yakan fara zargin sinadarinsa, don ya fi daɗi a kan yarda da abin da idonsa ke gani. A tamanin da huɗu wani siririn zare ya bayyana, ya yi lilo, da ƙyar ya yarda ya kama. Na sake da sabuwar kwalba, tamanin da uku. Na gwada ruwan jinin mai lafiya da muke ajiyewa don auna sinadari, sha uku daidai. Sinadari ba shi da laifi. Na duba jadawalin da ke manne a bango, inda ake mayar da daƙiƙa lamba. Lambar Bake kusa da uku ya kamata ta tsaya. Ta haura takwas.

Likitan da ke duba masu zuciya ranar Dakta Agosu ne, saurayi ɗan Kwatano, wata bakwai da zuwansa arewa. Yaron kirki ne, yana karatu, yana wanke hannu. Ba ya jin yarenmu na Batonu, ba ya jin Dendi, ni ne bakinsa da kunnensa duk lokacin da mai gajeren Faransanci ya zo. Na kai masa takardar, Bake na biye da ni.

"Papa Sabi, ka tabbata da wannan?"

"Sau biyu na yi."

Ya cire tabarau ya murza ido. "To ga inda muke. In tana zubar da jini a wani wuri, ko kanta na ciwo, sai in kwantar da ita yanzu, in yi mata allurar da ke warware maganin, in nemo ruwan jini a ƙara mata. In ba ta da komai, ba zan taɓa allurar nan ba. Tana iya sa jinin ya yi kauri ya toshe ƙarfen, in kashe ta da hannuna. Sai dai ta ajiye magani yau, ta dawo gobe ka sake aunawa. Tambaye ta da kyau."

Bayan likitan akwai ɗalibai maza biyu cikin fararen riguna, da alƙaluma a hannu. Ƙofa a buɗe take, benci cike da masu jiran layi. Bake ta dubi ɗaliban, ta dubi ƙofar, sannan ta dube ni.

"Likita na tambaya, kanki na ciwo?"

"Ka ce masa kaina na nan a wuyana."

"Amsa nake so, Bake."

"Babu."

"Kin faɗi kwanan nan, ko kin bugu?"

"Ni yarinya ce mai koyon tafiya?"

"Jiri? Amai? Jini a dasashi, ko a fitsari?"

"Mijin Yaya, a gaban yaran nan kake tambayar fitsarina? Babu. Ka ce masa babu, duka babu. Na bar cukuna a rana."

Na juya na ce wa likita babu.

Ya haska mata ido da 'yar fitila, ta tsaya ƙyam ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya danna cikinta. Ya ba ta yatsunsa ta matse. Hannun da ya shekara ashirin yana sauke kwando, ko rabin ƙarfinsa ya ishi yatsun likita. Bai ce ta cire ɗankwali ba. Kafin ya zo arewa an gaya masa ba a taɓa ɗankwalin mace, ya kuma riƙe darasin da kyau. Ya rubuta a katinta cewa ta ajiye magani, ta dawo gobe da safe. Ta ce masa ta gode da Faransancinta na kasuwa, ta fita.

Ba ƙarya na fassara ba. Abin da ta faɗa na faɗa. Amma ni Batonu ne, na san "babu" ta matarmu a gaban maza ba amsa ba ce, sutura ce. Matanmu suna haihuwa ba a ji ko tari ba. Uwata ta haifi ƙanena tsakanin ɗora tukunya da sauke ta, har yau ana ba da labarin kamar ta ci yaƙi. Yaron da ya yi kuka wurin kaciya, da abin za a riƙa tsokanar jikokinsa. Yon shekara biyu tana ɗauke da ƙulli a nono. Gado ɗaya muke kwana, ni ina auna jinin garin nan kaf, ban sani ba sai da wari ya fito. A zaman makoki mata suka yi ta yabonta, wai ko sau ɗaya ba a ji ta ce wash ba. Na zauna ina karɓar gaisuwa ina godiya. Na karanta littattafai da yawa kafin nan da bayan nan, na Turawa da na Larabawa, babu ɗaya da ya hana ni yin abin da ƙauyenmu ya koya mini a ranar da ya kamata in saɓa. Ba a tsiraita mace a gaban baƙo. Na ce babu.

Tagar ɗakin gwaji tana kallon filin asibiti. Ina wanke kwalabe na hango ta tana tsallaka filin, a miƙe kamar sanda. A tsakiyar fili takalminta na hagu ya zame. Ta yi taku uku babu shi, a kan tsakuwar da rana ta riga ta gasa, kafin ta tsaya ta kalli ƙafar kamar ta wani ce. Ta koma ta zura shi. Kafin in zagayo ta ƙofa ta hau bayan ɗan zem, mai babur ɗin haya, ya tafi da ita.

Na koma wurin Dakta Agosu, na rufe ƙofa a fuskar ɗalibansa.

"Ƙarya ta yi."

"Kai ka fassara, Papa Sabi."

"Bakinta na fassara. Ƙafarta ta hagu ba ta ji. Tana gudun haske. Akwai abu a ƙarƙashin ɗankwalin nan."

"Ba zan yi wa mai ƙarfe a zuciya allurar nan saboda takalmi ba. Kawo ta in gani da idona, kuma ka yi sauri." Ya miƙe tsaye. "Me ya sa ba ka faɗa tun tana nan ba?"

Na juya na fita. Amsar tana da tsawo, kuma ba ta da kyau.

Na buga wayarta sau huɗu ba ta ɗauka ba. Mijinta yana hanyar Malanbil da motar doya, ba zai dawo ba sai ƙarshen mako. Na bar wa abokiyar aikina sauran kwalabe, na cire farar riga, na tsayar da ɗan zem.

Sha ɗaya da rabi na isa layin masu wagashi, cukun garinmu, a babbar kasuwa. Kwanoni jere, fari da ja, ana kora ƙuda da tsumma. Bake na zaune a kujerarta ta jingina kai da ginshiƙin rumfa. Kusa da ita Inna Ganigi, shugabar layin, tsohuwa mai jiki wadda muryarta ke kaiwa layin masu barkono ba tare da ta ɗaga ta ba.

"Ga likitan jini! Yau cuku za ka saya, ko mata ka zo nema? Zawarawa uku gare mu a layin nan, ɗaya ma tana da haƙoranta duka."

"Barka da kasuwa, Inna. Bake na zo ɗauka, likita na son ganinta."

"Ba daga can take ba?"

"Ya tuna bai sha jinin ɗaya hannun ba," in ji Bake, ba ta ɗaga kai daga ginshiƙin ba. Mata suka kwashe da dariya.

"Ku mutanen asibiti ku bar yarinyar nan ta sarara," in ji Inna Ganigi. "Wannan da kake gani ƙarfe ce ciki da waje. Ran Alhamis ɗan zem ya kayar da ita a bakin kwalbati da kwandonta, kanta ya daki siminti, ƙum, har nan muka ji. Ta tashi ta kakkaɓe zane, ta tsince cukunta ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta zauna ta yi ciniki har la'asar. Ko uhum! Ƙanwar Yon ce fa. Gidansu ba a kuka."

Aka yi ta gyaɗa kai. Wata daga ƙarshen layi ta rangaɗa 'yar guɗa. Bake ta sunkuyar da ido kamar amaryar da ake wasawa. A gefen tirenta, ƙarƙashin tsumma, na hango takardar magani mai ƙyalli, an ɓare fiye da rabi. Kafso ja da rawaya, da farar ƙwayar ciwon jiki, irin wanda mai yawo da kwano a ka ke sayarwa. Kwana huɗu tana haɗa su da maganinta don kada ciwon ya fito a fuskarta. Su ne suka kai agogona tamanin da huɗu.

Na tsuguna dab da ita kamar mai zaɓen cuku, na rage murya.

"Bake, jini na tsiyaya a cikin kanki. Jininki ba ya daskarewa, ba zai tsaya da kansa ba. Yau ko gobe za ki yi barci ki ƙi tashi."

"To sai a ce Bake ta yi barci."

"Tashi mu tafi."

"Yanzu? Bayan abin da Inna ta gama faɗa? In miƙe a gaban layin nan in bi ka asibiti in ce kaina?" Maganar na fita a hankali, kamar tana ɗauko kowace kalma daga nesa. "Mijin Yaya, ka yi karatu har ka manta gida."

Daga kusa na ga baƙin idonta na dama ya fara fin na hagu girma. Da safe ba haka yake ba. Wata mata ta zo sayen cuku, Bake ta ɗauko guda da hannun hagu, ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ta kalle shi, ta ɗauko wani da dama, ta ce wa matar na farkon dama bai yi kyau ba.

Na miƙe na duba abin da ya rage mini. In na ja ta da ƙarfi, matan nan za su farfasa mini kwano a ka, su kuma yi daidai a ganinsu. In na faɗa da ƙarfi cewa ba ta da lafiya, za ta ƙaryata ni a gaban kowa, sannan ko gawa ba za ta yarda ta bi ni ba. Ba za ta shiga asibiti a matsayin mai ciwo ba. Amma a garinmu babu macen da za ta bar mijin yayarta yashe a ƙasa.

Ni Sabi Gunu, wanda aka yi wa kaciya yana kallon wanzami ido cikin ido, wanda ya binne matarsa bai goge ido ba, na dafe ƙirji da hannu biyu a tsakiyar layin wagashi na kurma ihu.

"Wayyo! Wayyo ƙirjina! Na mutu!"

Na zube. Gwiwata ta daki wani kwano, ruwan cuku ya malalo mini a wando. Na birgima cikinsa. Layin ya yi tsit, har mai niƙa da ke can baya ya kashe injinsa.

"Subhanallahi," in ji wata. "Namiji?"

"Da furfurarsa!"

"Zaman asibiti ne ya lalata shi. Kullum cikin masu raki, ya ɗauko."

"Ku rufa masa zane, jama'a na taruwa."

"Bake!" na yi kira. "Bake, kada ki bar ni! Ba ni da kowa sai ke!"

Abin da ya ba ni haushi shi ne kukan bai yi mini wuya ba. Don ƙarya na buɗe baki, amma abin da ya fito ya daɗe yana jira a bakin ƙofa. Har majina.

Na ji hannunta a kafaɗata, na dama. "Tashi. Don girman Allah tashi, ka kunyata kabarin Yaya."

"Ba zan iya ba. Wayyo!"

"Ke Bake," in ji Inna Ganigi, muryarta cike da ƙyama, "kwashe abin kunyar nan ki mayar da shi inda ya fito. Mijin yayarki ne, ba namu ba. Je ki, za mu duba miki kwano."

Aka tsayar da keke mai ƙafa uku. Wasu masu dako biyu suka cusa ni ciki, suna kau da kai don dariya. Bake ta shigo ta zauna gefena, a miƙe, mai rakiyar mara lafiya, duk layin na kallonta da tausayi. Ba a taɓa fita da mace daga kasuwar nan cikin mutunci irin haka ba.

Muka wuce masu doya, muka hau kwalta.

"Ƙirjin hagu ne ko dama?" in ji ta. "Ɗazu dama ka riƙe."

"Duk inda ya samu."

"Tsohon banza."

Ta kau da kai. A mararraba manyan motocin auduga uku suka tare hanya, ɗaya ta mutu a tsakiya, direbobi na zagin juna. Mai keken ya kashe inji. Tana kallon hanya, ba ni ba, ta ce, "Tun ran Asabar kwanona biyu-biyu nake ganinsa."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kalmar ciwo ba ta fito daga bakinta ba, har yau.

Can sai ta leƙa waje ta yi amai, ba gargaɗi, ba yunƙuri. Ta goge baki da gefen zane. Sannan kanta ya sauko a hankali ya kwanta a kafaɗata, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara talatin da na san ta.

"Bake. Ke Bake! Cukunki tsami yake, kowa ya sani, don Yon nake saya."

"Ƙarya kake," in ji ta, can ƙasan maƙogwaro.

"Ja ɗin ma ba karan dafi ba ne, fenti kike sawa."

Wannan ba ta amsa ba. Na ce wa mai keken ya hau gefen hanya ya bi ta cikin masu tebur. Ya waigo ya kalle ni, mutumin da aka ɗauko yana mutuwa, ya kalle ta, ya tayar da inji.

A ƙofar asibiti ni na sauko na tallabe ta. Dakta Agosu na tsaye a baranda, ashe tun tafiyata yake leƙowa. Wannan karon bai tuna darasinsa ba, ya zare ɗankwalin da hannunsa. Daga gira har bayan kunne wurin ya kumbura ya yi baƙi kamar ɗinya. Ɗaliban nan biyu suka daina rubutu.

Aka yi allurar. Aka rataya ruwan jini leda biyu, aka tura ta ɗaukar hoton kai. Hoton ya nuna jinin kwance a dama, ya tura ƙwaƙwalwa gefe. Likitan tiyata ya zo ya duba, ya ce ba zai huda ƙoƙon kan mutum ba sai jinin ya koma daskarewa ƙasa da daƙiƙa ashirin, in ba haka ba famfo kawai zai buɗe. Na koma ɗakin gwaji da wandona mai warin cuku. Ƙarfe biyu, arba'in da ɗaya. Aka ƙara leda. Ƙarfe uku da rabi, ashirin da shida, kuma ta daina amsa sunanta. A na ƙarfe huɗu da rabi na ba abokiyar aikina agogon ta danna, ni ina karkata kwalba. Sha tara. Na kai takardar da gudu, karo na biyu a rana ɗaya da na yi abin da bai dace da shekaruna ba.

Aka yi tiyatar, Bake ta farka washegari da hantsi. Hannun hagu yana ɗaga cokali amma ba ya riƙe shi. Abin da ta fara tambaya shi ne wa ya rufe mata kwano.

Yau kwana shida. Haɗarin bai tafi ba, gefe ya sauya. Yanzu jininta na daskarewa a sha huɗu kamar na kowa, ƙarfen kuma na nan a zuciyarta ba mai tsaronsa. In aka mayar da magani da wuri, kan ya sake zuba. In aka jinkirta, gudaji ya hau ƙyauren. Dakta Agosu da likitan tiyata sun yi gardama a baranda, suka tsaya a kan kwana tara. Saura uku. Safe da yamma Dakta Agosu ke ɗora abin sauraro a ƙirjinta, ya daɗe, sannan ya ɗago ya wuce.

Jiya da azahar matan layin wagashi suka zo dubiya, su shida, Inna Ganigi a gaba. Bake ta sa an ɗaura mata ɗankwali a kan bandeji. Ni ina zaune a kujera gefen gado.

"Jinyarsa na zo yi," in ji Bake, "na zame a banɗakin asibitin nan garin ɗebo masa ruwa. Kun ga abin da ya jawo mini."

Inna Ganigi ta kalli bandejin da ya leƙo, a daidai gefen da ya daki kwalbati. Ta kalli hannun da ke kwance a kan zane. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo gare ni.

"Ya jiki, likitan jini? Ƙirjin ya lafa?"

"Da sauƙi, Inna."

"Allah ya ƙara. Ga kunu mun kawo maka, mai ruwa-ruwa, ba ya wahalar haɗiya."

Ɗaya daga cikinsu ta danne dariya da mayafi. Na karɓi kwanon na yi godiya. An gaya mini a kasuwa yanzu har masu dako na dafe ƙirji su ce wayyo in kaya ya yi nauyi, su kira sunana.

Da suka tashi tafiya na fito baranda da kununa. Biyar suka yi gaba. Inna Ganigi ta tsaya tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi, har sai da suka sha kwana. Ba ta kalle ni ba, kuma ban taɓa sanin muryarta na iya yin ƙasa haka ba.

"Akwai wata a layinmu. Wata uku ke nan tana ɗaure ciki da zane biyu, ta daina cin abinci a gabanmu. Ba ta ce komai ba. Mu ma ba mu ce ba." Ta miƙe. "Wace rana kake zuwa sayen cuku?"

Na ce mata ni ba dangin matar ba ne, ko na sake zubewa ba za ta raka ni asibiti ba.

"Ni zan ce ta raka ka."

Ta faɗa mini sunan matar, ta gyara mayafinta, ta bi sauran.